Filin Tambaya da Amsa: Alkawuran Allah da Yadda Kirista Zai Karanta Su

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fito daga wurare dabam-dabam, amma da muka jera su sai muka ga yawancinsu jijiya ɗaya suke taɓawa, wato yadda Kirista ya kamata ya riƙi Tsohon Alkawari. Mun zaɓi guda huɗu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ni malamin makarantar Lahadi ne a Zonkwa. Wani matashi a ajina ya tambaye ni dalilin da ya sa muke koyar da Dokoki Goma muna cewa umarnin Allah ne, amma ba ma kiyaye Asabar, ba ma yanka hadaya, waɗansunmu ma suna cin naman alade, alhali kuwa duk a littattafan Musa aka rubuta su. Ya ce ashe zaɓe muke yi, mu ɗauki abin da ya yi mana daɗi mu bar saura. Na rasa amsar da za ta gamsar da shi. Malam, a taimaka.

Amsa: Malam, sannu da hidima. Kada ka ɗauki tambayar wannan yaro a matsayin rashin kunya, domin irinta ce ta sa manzanni da dattawa suka yi zama na musamman a Urushalima wajen shekara ta 49, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 15. Idan har bisa son rai muke zaɓe, to zarginsa yana kan hanya. Abin da ya wajaba mu nuna masa shi ne, Littafi Mai Tsarki da kansa ne ya yi wannan rarrabewa, domin labari ne na yadda Allah ya riƙa ƙulla alkawura da mutane sanannu a lokatai sanannu, kowane alkawari da waɗanda aka yi da su, da sharuɗɗansa, da alamarsa. Saboda haka kafin mutum ya ɗora wata aya a kan kansa ko a kan wani, sai ya fara tambaya: wa aka faɗa wa wannan magana, a ƙarƙashin wane alkawari, kuma me zuwan Almasihu ya yi da ita?

Alkawarin Nuhu a Farawa sura 9 shi ne mafi faɗi, domin an yi shi da dukan 'yan Adam har da dabbobi, cewa ba za a sake hallaka duniya da ruwan tsufana ba, alamarsa kuwa bakan gizo. Yana da kyau matashin ya lura cewa a wannan wuri Allah ya halatta wa Nuhu naman kowace dabba, jini kaɗai ya hana, wanda ya nuna cewa jerin dabbobi masu tsarki da marasa tsarki na abinci ya zo ne daga baya.

A kan alkawarin Ibrahim nake so ka tsaya da ajinka sosai. A Farawa sura 15 Allah ya umarci Ibrahim ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne mai shekara uku, da kurciya da ɗan tattabara. Ibrahim ya tsaga dabbobin gida biyu, ya jera kowane ɓari daura da ɗan'uwansa, ya tsaya yana korar tsuntsayen da suke saukowa a kan naman har rana ta yi gora. Mutanen wancan zamani sun san ma'anar wannan shiri sarai, Irmiya 34:18 ma ya bayyana ta: masu ƙulla yarjejeniya sukan ratsa tsakanin tsagin naman, wato kowa yana cewa idan ya ci amana, a yi masa yadda aka yi wa dabbar nan. To amma da duhu ya yi, barci mai nauyi ya riga ya kwashe Ibrahim, sai ga tukunya mai hayaƙi da jiniya mai ci da wuta suna ratsawa tsakanin naman. Ibrahim bai taka ko sau ɗaya ba. Allah ne kaɗai ya ratsa, ya ɗauki nauyin rantsuwar a kan kansa. A cikin surar nan ce kuma aka ce Ibrahim ya gaskata Ubangiji, aka lasafta masa wannan a kan adalci, kaciya kuwa ba ta zo ba sai a sura 17, yana da shekara 99, kuma a kan wannan jeri na abin da ya riga wani ne manzo Bulus ya gina hujjarsa a Romawa sura 4.

Ka kwatanta wannan da abin da ya faru a gindin Dutsen Sinai a Fitowa sura 24. Musa ya gina bagade da ginshiƙai goma sha biyu, aka yanka bijimai, ya zuba rabin jinin a kwanoni, rabi ya yayyafa a kan bagaden, sa'an nan ya karanta littafin alkawarin jama'a suna ji, suka amsa da bakinsu cewa duk abin da Ubangiji ya faɗa za su yi. Sai bayan sun amsa ne ya yayyafa musu jinin. A nan jama'a sun ɗauki nauyi, akwai albarka idan sun yi biyayya, akwai la'ana idan sun saɓa. Masana tarihin ƙasashen gabas, tun daga rubuce-rubucen George Mendenhall a 1954, sun nuna yadda tsarin wannan alkawari ya yi kama da yarjejeniyoyin da manyan sarakunan Hittiyawa suke ƙullawa da ƙananan sarakuna: babban sarki ya faɗi sunansa, ya tuna alherin da ya riga ya yi, ya kafa sharuɗɗa, ya kira shaidu, ya rufe da albarka da la'ana. Shi ya sa Dokoki Goma suka buɗe da tunawa cewa Ubangiji ne ya fitar da su daga Masar. An fara fansarsu kafin a ba su doka, don haka ko a zamanin Musa ba da kiyaye doka aka sayi ceto ba. Bambancin alkawuran biyu kamar na gonar da uba ya ba ɗansa kyauta ne a gaban shaidu, da gonar da aka ba mutum aro bisa sharaɗin cewa ranar da ya saɓa ƙa'ida zai tashi. Bulus ya faɗa a Galatiyawa 3:17 cewa Shari'ar da ta zo bayan shekara 430 ba ta soke alkawarin da aka riga aka tabbatar ba. An ƙara ta ne domin ta tsare jama'a, ta tona zunubi, har Zuriyar da aka yi alkawari, wato Almasihu, ya zo.

Isra'ila ta karya alkawarin Sinai tun Musa bai sauko daga dutsen ba, ta ci gaba da karyawa har Samariya ta faɗi a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Urushalima kuma a 586. Tun kafin faɗuwar biranen nan Allah ya yi wa Dawuda alkawari ta bakin annabi Natan cewa gadon sarautarsa zai dawwama, sai ga shi an yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a gabansa, an ƙwaƙule masa idanu, an tafi da shi Babila a ɗaure. A cikin wannan duhu ne Irmiya, a sura 31 aya 31 zuwa 34, ya yi shelar sabon alkawari, ya kuma faɗa a fili cewa ba zai zama kamar wanda aka yi da kakanninsu sa'ad da aka fito da su daga Masar ba: za a rubuta dokar a zuciya, kowa zai san Ubangiji, ba za a ƙara tuna zunubansu ba. Daren da aka ba da Yesu, ya ɗauki ƙoƙo ya ce wannan shi ne sabon alkawari a cikin jininsa. Duk lokacin da muka zo teburin Ubangiji, shaida muke yi cewa a ƙarƙashin wannan alkawari muke zaune.

Daga nan amsar matashin ta fito. Ba ma yanka hadaya domin wasiƙar Ibraniyawa, daga sura 7 zuwa 10, ta nuna cewa jinin bijimai da awaki bai taɓa kawar da zunubi ba, nuni yake yi ga hadaya ɗaya da aka miƙa sau ɗaya tak, kuma da aka sauya firist, tunda Yesu daga kabilar Yahuza yake ba ta Lawi ba, dole shari'ar firistoci ta sauya. Dokokin abinci kuwa shinge ne da aka yi wa Isra'ila domin a keɓe ta daga al'ummai, kuma Attaura kanta ta nuna haka, domin Maimaitawar Shari'a 14:21 ta hana Ba'isra'ile cin mushe amma ta yarda a ba baƙo ko a sayar wa bare. Ka dubi Littafin Firistoci sura 18 kuma, inda aka jera zunuban lalata, za ka ga an ce saboda waɗannan ne ƙasar ta amayar da mutanen da suka riga Isra'ila zama a cikinta, ko da yake ba su taɓa tsayawa a Sinai ba. Haka ma annabi Amos ya hukunta Dimashƙu da Gaza da Taya saboda zalunci da cinikin mutane, bai tuhume su da abin da suke ci ba. Ke nan tun a Tsohon Alkawari akwai abin da ya hau kan kowane ɗan Adam domin ya fito daga halin Allah, akwai kuma abin da aka ba al'umma ɗaya na ɗan lokaci. Yesu ya tsarkake dukan abinci a Markus 7:19, Bitrus ya ga wahayin mayafi cike da dabbobi kafin ya shiga gidan Karniliyas, taron Urushalima kuma ya ƙi ɗora wa al'ummai kaciya da karkiyar Shari'a.

Malaman ikkilisiya sun daɗe suna kasa dokokin Musa gida uku, wato na ɗabi'a, na sujada, da na mulkin ƙasa. Toma Akwinas ya yi bayanin wannan rabo a ƙarni na 13, Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646, wato takardar koyarwar Furotesta da aka rubuta a Ingila, ma ta bi shi. Rabo ne mai amfani ga malamin makarantar Lahadi, amma ina jan kunne kada a mai da shi wuƙar yanke ayoyi a zubar, domin a Littafin Firistoci sura 19 umarnin ƙaunar maƙwabci yana aya ta 18, hanin sa tufa mai zare iri biyu yana aya ta 19, kafaɗa da kafaɗa. Ko dokar da ba ta hau kanmu da harafinta ba tana koya mana zuciyar wanda ya ba da ita. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa 'yar katanga kewaye, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Mai rufin kwano ba ya bukatar wannan katanga, amma Kiristan da ya bar rijiya a buɗe a tsakar gida inda yara suke wasa, ko direban da ya ɗebi fasinja ya san birkinsa ba ya ci, ayar nan tana tuhumarsa kai tsaye. Haka Bulus ya yi da dokar da ta hana sa wa sa takunkumi yana sussuka, ya fitar da haƙƙin ma'aikaci daga cikinta.

Asabar ce ta fi wuya a cikin misalan yaron, kuma gaskiya ita ce Kiristoci ba su zama baki ɗaya a kanta ba. Fitowa 31 ta kira ta alama tsakanin Allah da Isra'ila, Kolosiyawa 2:16 da 17 ta sa ta cikin inuwar abubuwan da za su zo, masu bi na farko kuma suna taruwa a ranar farko ta mako, ranar da Ubangiji ya tashi. Cocin Adventist na kiyaye Asabar har yau, tsohuwar ikkilisiyar Habasha tana girmama Asabar da Lahadi duka, tana kuma ƙin naman alade. Ni a fahimtata hutu da keɓe rana domin sujada suna nan daram, amma ranar ta bakwai da hukuncinta sun tafi tare da alkawarin da suke wa alama. Game da alade, ka koya musu Romawa sura 14: mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, kuma wanda ya bar shi domin kada ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa, ko domin zaman lafiya da maƙwabtansa Musulmi, ya yi abin kirki muddin bai mai da shi sharaɗin ceto ba.

Ka kuma tsare shi daga faɗawa ɗaya ramin. Wani mai suna Markiyon ya koyar cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam yake da Uban Yesu, ya watsar da littattafan Musa da na annabawa, ikkilisiyar Roma ta fitar da shi wajen shekara ta 144. Yesu ya ce bai zo domin ya rushe Attaura da annabawa ba, sai domin ya cika su, kuma Nassin da Bulus ya gaya wa Timoti cewa hurarre ne mai amfani ga koyarwa, Tsohon Alkawari ne da farko.

Tambaya: Baba, ni gwauruwa ce, 'yar zumuntar mata a Gombe. Wani baƙon mai wa'azi ya karanta mana Maimaitawar Shari'a 28, ya ce ɗan alkawari kai ne ba wutsiya ba, don haka wanda yake fama da talauci ko ciwo akwai la'anar kakanni a kansa, ko kuwa yana cin zakkar Allah, sai ya kawo baiko na musamman a karya ta. Tun rasuwar maigidana nake fama da yara. Ashe la'ananniya ce ni?

Amsa: Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri, ya raya marayun nan. Amsar ita ce a'a, kuma ina faɗin haka da dukan zuciyata. Idan kina cikin Almasihu babu la'anar da ta rage a kanki wadda kuɗi zai karya, kuma abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce an ɗora wa gwauruwa irin wannan kaya da sunan Maganar Allah.

Ki buɗe surar ki karanta ta tun daga aya ta farko. Musa yana magana ne da al'ummar Isra'ila a filayen Mowab, gab da su haye Urdun, kuma albarkar tana rataye da sharaɗin kiyaye dukan umarnan, ba waɗansu ba. Surar tana da ayoyi 68, goma sha huɗu na farko ne na albarka, sauran hamsin da huɗu la'ana ce, har da kewaye birni da yaƙi da kwashe mutane zuwa bauta, abin da ya auku a zahiri a hannun Assuriya da Babila. Wanda yake so ya tsaya a kan aya ta 13 ya ce shi kai ne, sai ya yarda a auna shi da dukan surar, kuma babu ɗan Adam da zai tsira a wannan awo. Abin da Bulus ya faɗa ke nan a Galatiyawa 3:10 zuwa 14, cewa duk masu dogara ga ayyukan Shari'a suna ƙarƙashin la'ana, amma Almasihu ya fanshe mu daga la'anar da ya zama abin la'ana dominmu a kan gicciye. A wurin nan kuma ya faɗi abin da albarkar Ibrahim take nufi ga al'ummai, wato a karɓe mu a matsayin masu adalci ta wurin bangaskiya, mu kuma sami Ruhun da aka yi alkawari. Shi kansa Bulus da ya rubuta wannan ya sha yunwa da ƙishirwa da rashin sutura, an yi masa bulala arba'in ɗaya babu har sau biyar, kuma babu wanda zai ce ba ɗan alkawari ba ne.

Maganar alhakin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu tana cikin Fitowa 20:5, amma ayar ta ce a kan waɗanda suke ƙin Allah ne, ta bi da jinƙai ga dubbai na masu ƙaunarsa. A zamanin bauta a Babila mutane sun riƙa karin magana cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu, sai Allah ya hana wannan magana ta bakin Ezekiyel a sura 18, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Irmiya ma ya kawo wannan karin magana ya rushe ta a ayoyi biyun da suke gab da shelar sabon alkawari. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Gaskiya ne halin iyaye yakan bar wa 'ya'ya wahala, kamar uban da ya sayar da gona ya shanye kuɗin, amma wannan sakamako ne na rayuwa, ba hukuncin Allah ba ne da ake saye da baiko.

Zakkar da Malakai sura 3 take magana a kai hatsi ne da amfanin gona da ake kaiwa ɗakin ajiya na Haikali domin Lawiyawa, waɗanda ba a ba su rabon ƙasa ba. Abin da masu irin wannan wa'azi ba sa karantawa shi ne Maimaitawar Shari'a 14:28 da 29, inda aka ce zakkar kowace shekara ta uku a tara ta a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. A ƙarƙashin dokar da aka tsorata ki da ita, ke mai karɓa ce. Bayarwa tana nan a Sabon Alkawari, ikkilisiya tana da haƙƙin kula da masu yi mata hidima, kuma ɗaya bisa goma ma'auni ne mai kyau ga wanda ya iya, amma 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Ina ba ki shawara ki sami fastonku da dattawa ki gaya musu abin da wa'azin nan ya jawo miki, domin nauyinsu ne su san abin da ake faɗa a kan bagadinsu, nauyinsu ne kuma su san halin da gidanki yake ciki.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a makarantar Littafi Mai Tsarki. Wani malaminmu yana cewa ikkilisiya ita ce ci gaban Isra'ila, wani kuma yana cewa jama'a biyu ne dabam, kowacce da nata alkawuran. Wanne ne daidai?

Amsa: Ɗana, malamanka suna wakiltar manyan makarantu biyu ne. Ta farko, wadda ake kira tauhidin alkawari, ta bunƙasa a cikin ikkilisiyoyin gyara na Turai tun daga Heinrich Bullinger na Zurich, wanda ya yi rubutu a kan batun a 1534. Tana koyar da cewa alkawarin alheri ɗaya ne tun daga faɗuwar Adamu, yanayin gudanar da shi ne yake sauyawa, kuma a kan haka ne masu wannan ra'ayi suke yi wa jarirai baftisma, suna cewa ta ɗauki matsayin kaciya. Ta biyu, mai kasa tarihi zamani zamani, ta fito ne daga John Nelson Darby a ƙarni na 19, ta yaɗu ta wurin Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909. Tana raba Isra'ila da ikkilisiya, tana jiran cikar alkawarin ƙasa da na sarauta ga Yahudawa a zahiri, shi ya sa mabiyanta da yawa suke ba kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948 muhimmanci. Ra'ayoyin biyu sun iso ƙasarmu tare da 'yan mishan, kuma marigayi Byang Kato, malamin tauhidi ɗan Kwoi, ya yi karatunsa na ƙarshe a makarantar tauhidi ta Dallas, wadda cibiya ce ta ra'ayi na biyu.

Tunda ka nemi ganina, na fi karkata ga cewa jama'ar Allah ɗaya ce, domin a Romawa 11 itacen zaitun ɗaya ne aka sassare wa rassa aka ɗaura waɗansu, Afisawa 2 kuma ta ce an rushe katangar da ta raba, an yi sabon mutum ɗaya daga biyun. Amma surar Romawan nan ta hana mu yin fahariya a kan rassan asali, ta kuma bar wa Yahudawa bege a buɗe, don haka makaranta ta biyu ta yi daidai da ta ƙi yarda a ce Allah ya gama da su. Inda nake ganin makaranta ta farko takan yi sakaci shi ne wajen rage sabuntar sabon alkawari, alhali Irmiya ya ce ba kamar na dā ba ne. Ka zauna da Galatiyawa 3 da 4, da Romawa 9 zuwa 11, da Ibraniyawa 7 zuwa 10, ka lura da yadda manzanni da kansu suke ɗauko ayoyin Tsohon Alkawari da abin da suke yi da su, sa'an nan ka auna malaman biyu da wannan.

Tambaya: An kai wa ƙauyenmu hari, mun binne 'yan'uwa. Waɗansu matasa suna karanta littafin Joshuwa suna cewa Allah ya yarda mu rama. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwana, ina yi muku ta'aziyya, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ba na rena zafin da yake zuciyar matasan nan, amma littafin Joshuwa bai ba su wannan izini ba. Umarnin yaƙin Kan'ana an ba da shi ne ga al'umma ɗaya, a kan ƙasa ɗaya mai iyaka, a lokaci ɗaya, a matsayin hukuncin da Allah ya jinkirta tsara huɗu kamar yadda ya gaya wa Ibrahim a Farawa 15:16, kuma babu wata ƙabila ko ikkilisiya a yau da take tsaye a matsayin Isra'ila ta wancan lokaci. Da Yakubu da Yahaya suka so su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, irin yadda Iliya ya taɓa yi, Yesu ya juya ya tsawata musu, ya kuma umarci Bitrus ya mai da takobinsa kube.

Wannan bai hana ku tsaron ƙauyenku bisa doka ba, bai kuma hana ku neman haƙƙi ba. Romawa 12:19 ta hana ramuwa, sura ta 13 da take biye ta ɗora wa hukuma nauyin hukunta mai mugunta, don haka ku rubuta sunayen waɗanda aka kashe da abin da aka lalata, ku kai ƙara, shugabannin ikkilisiya su matsa wa masu mulki lamba ba tare da gajiya ba. Zabura masu kuka, irin su ta 10 da ta 94, naku ne ku yi addu'a da su a majami'a da murya, domin masu rubuta su sun kai ƙararsu gaban Allah ne suna roƙo ya yi shari'a da kansa. Abin da ba ku da izninsa shi ne ku tare matafiyi a hanya ko ku ƙone gidan wanda bai taɓa ku ba saboda yarensa ko addininsa, domin alkawarin Nuhu, wanda ya hau kan kowane ɗan Adam, ya ce za a nemi jinin mutum a hannun wanda ya zubar da shi, gama cikin siffar Allah aka yi shi.